Allura da numfashi: wata shidan da suka biyo bayan tiyatar bayana

A dare na tara bayan an yi mini aiki a baya, ciwon ƙafar da ya kai ni ɗakin tiyata ya dawo. Wajen ƙarfe biyu ne. Na farka na ji wani abu kamar shokin lantarki ya taso daga ƙuguna, ya bi ta cinya, ya gangara har kan babban yatsan ƙafata ta hagu. Na yi lamo ina kallon silin, gumi na keto mini, kuma magana ɗaya ce ke kai-komo a raina: aikin bai yi ba, ƙusar da aka ɗaura mini ta goce, duk wahalar da na sha ta tashi a banza.

Kusan shekara biyu na yi ina fama kafin a kai ga wuƙa. Ƙugun mutum ƙasusuwa biyar ne a jere, nawa na huɗu ne ya zame gaba kaɗan a kan na biyar, abin da likitoci ke rubutawa L4 da L5, sai ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. An gwada magani, an gwada gashin ƙashi, an yi allurar baya. Da ta kai ba na iya tsayuwar minti goma, sai aka yanke shawarar a buɗe wa jijiyar hanya, a haɗe ƙasusuwan biyu su zama ɗaya. Aka ɗaura ƙusoshi huɗu na ƙarfen titaniyom da sanduna biyu, aka dasa ɓarɓashin ƙashi a tsakani. Ƙarfen riƙo kawai yake yi, kamar yadda ake tokare gini kafin siminti ya kama. Ainihin aikin na jiki ne, shi zai tsiro da sabon ƙashi ya haɗe wurin, kuma wannan kan ci wata uku zuwa shida, ƙarfinsa na gaske ma sai an doshi shekara.

Gari na wayewa maiɗakina ta kira asibiti. Likitan da ya yi aikin bai ɓata lokaci ba, tambayoyi ya jero mini. Fitsari yana fita yadda ya saba? Akwai sagewa a tsakanin cinyoyi ko wajen zama? Zazzaɓi fa? Ɗinkin yana fitar da ruwa? Ƙafar ta rage ƙarfi, ko kana iya ɗaga yatsunka sama? Duk na amsa lafiya lau. Duk da haka ya ce in zo. Aka ɗauki hoto, ƙusoshi na nan daram inda ya bar su.

Ya ce, "Malam, jijiyar da ta shekara biyu a matse ba za ta huce cikin kwana tara ba. An taɓa ta, ta kumbura, yanzu ƙorafinta take yi. Zai zo ya tafi, zai sake zuwa."

Na ji daɗin maganar, amma ba ta shiga jikina ba. Kaina ya yarda, jikina ya ƙi. Wannan rabuwar ce ainihin labarin da nake son bayarwa, domin ban taɓa jin wanda ya faɗa mini ita ba kafin in shiga.

Dokokin makonnin farko sanannu ne: kada ka sunkuya, kada ka ɗauki kaya mai nauyi, kada ka murɗa ƙugu. In za ka tashi daga gado, sai ka mirgina gaba ɗayanka kamar gungumen icce, ka sauke ƙafafu, ka tura da hannu. Sannan ka yi tafiya, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Dokokin hani na riƙe su gam. Ta tafiyar ce na kasa. Duk takun da na yi, kunnena na kan bayana, ina jiran in ji wani abu ya ce ƙas. Barci ya gagara. Maganin kashe zafi mai ƙarfi, dangin mofin, yana ba ni sa'o'i huɗu na sauƙi, amma ya bar ni da tashin zuciya da taurin ciki da wani irin hazo a ka. Magungunan kumburi da mutum zai koma gare su kuma likita ya ce in dakata da su, saboda ana tsoron su rage saurin haɗewar ƙashi.

Likitar fisiyo, wato mai gashin ƙashi da atisayen jiki, ita ce ta gano ni a mako na uku. Ta sa ni in miƙe daga kujera, tana kallo. Da na miƙe sai ta ce, "Ka san tun da ka fara yunƙurawa ba ka ja numfashi ba?" Ban sani ba. Ashe duk motsin da zan yi sai na ƙame, na cije, na ɗaure tsokar baya tamau tun ciwon bai zo ba. Ta ce rabin abin da nake ji da yamma gajiyar tsokar da ta yini a ɗaure ce. Ta kawo maganar wani horo da Turawa ke kira maindifulnes, wato mutum ya tattaro hankalinsa kan abin da yake ji a wannan lokacin, ya lura da shi ba tare da ya yanke masa hukunci ba. Ni zaman lura nake ce masa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Abin da na ji a maganarta shi ne wai ciwon a kaina yake. Mutum an tsaga masa baya, an ɗaura masa ƙarfe, sannan a ce ya zauna ya yi numfashi? Ta gane abin da ke fuskata. Ta ce ciwon gaskiya ne, babu mai musu. Amma saƙon da jijiya ke aikawa ba ya isa ƙwaƙwalwa kai tsaye kamar ruwa a famfo, akwai inda ake ƙara shi ko a rage shi a laka da kuma ƙwaƙwalwar kanta, kuma tsoro na cikin abubuwan da ke ƙara shi. Daga baya na karanta cewa tun a 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo wannan bayanin, suka kamanta shi da ƙofa a cikin laka da ke buɗuwa ko ta tsuke.

Mai jinyar baya yana da lokaci a kwance fiye da yadda yake so, sai na shiga bincike. Horon da asibitoci ke amfani da shi Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979, a asibitin koyarwa na Jami'ar Masacusets a Amurka, kuma da masu ciwon da ya ƙi jin magani ya fara. Mako takwas ake yi. Tushen dabarar daga zuzzurfan tunanin mabiya Budda ya samo, wannan ya sa na ɗan ja baya, na tambaya dalla-dalla me ake yi a ciki. Abin da na tarar a tsarin asibiti shi ne babu kiran sunan kowa, babu bauta, babu wata kalma da ake maimaitawa. Lura ce da numfashi da jiki. Abin da ya ƙara karya mini gwiwar gardama shi ne wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2016, wanda aka yi a birnin Siyatal na Amurka da mutum 342 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Bayan mako 26, kusan kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka yi horon sun samu ci gaba na a zo a gani wajen gudanar da harkokinsu, a waɗanda suka tsaya kan kulawar da aka saba kuma kashi 44. Na lura cewa waɗannan ba masu jinyar tiyata ba ne, don haka ban ɗauki lissafinsu na ɗora wa kaina ba. Amma na ga abin ba tatsuniya ba ce, kuma ba ya buƙatar in motsa bayana ko kaɗan.

Da kewayen jiki na fara. Za ka kwanta rigingine, matashi a ƙarƙashin gwiwoyi, ka kai hankalinka kan yatsun ƙafa, ka ji me ke wurin: ɗumi, sanyi, nauyin bargo, ko ma babu komai. Sannan ka matsa tafin ƙafa, idon sawu, ƙwauri, a hankali har ka kai ka. A tsarin asali minti 45 ake yi. Ni da minti goma na fara, kuma a kwanakin farko ko shi ban iya cikawa ba. Da hankalina ya iso ƙugu sai zuciyata ta fara bugawa, in tsallake wurin in wuce ƙirji. Kusan kwana goma ina tsallake shi.

Ranar da na tsaya a wurin, na samu abin da ban zata ba. Abin da na daɗe ina kira "ciwon" ashe ba abu ɗaya ba ne. Akwai ɗaurewar tsoka a gefen dama, mai nauyi, mai faɗi. Akwai ƙaiƙayi da jan fata a kan ɗinkin. Akwai wannan zafin jijiyar mai kama da zare, wanda ke zuwa ya yi kamar daƙiƙa ashirin ya lafa, ya sake tasowa. Tsakanin tasowa da tasowa akwai fili, kuma a da ban taɓa ganin filin ba, saboda ina cike shi da jiran na gaba. Sannan akwai na huɗu, wanda ba a baya yake ba sam: maganganun da nake yi wa kaina. Ba zan koma aiki ba. Za a sake yanka ni. Zan zama kaya a wuyan iyalina. Su ne suka fi cin raina, kuma su kaɗai ne ke da iko su hana ni barci har asuba.

Horon bai ce in kori waɗannan tunane-tunane ba, ba kuma ya ce in ƙaryata su. Cewa ya yi in gane su a matsayin tunani, in ce a raina "ga tsoron nan ya zo", in mayar da hankali kan iskar da ke shiga hancina. Sai hankalin ya sake gudu, in sake dawo da shi. A zama ɗaya yakan gudu sau talatin. Da farko na ɗauka gudun alamar na kasa ne, sai likitar fisiyo ta ce dawowar ita ce atisayen, kamar yadda ɗaga ƙafa da sauke ta shi ne atisayen cinya.

Zafin bai ragu sosai ba a waɗannan makonni. In a da bakwai ne cikin goma, ya koma shida ko biyar. Abin da ya sauya shi ne na fara tafiya. Na koyi in saki numfashi yayin da nake miƙewa maimakon in riƙe shi. A tsakar falo na fara, ina jin dugadugina yana taɓa ƙasa, sannan tafin, sannan yatsu. Daga minti biyar zuwa goma, zuwa ashirin a waje.

Akwai abu guda da nake so duk mai irin wannan jinya ya ji da kyau, domin na ga masu ɗaukar zaman lura a matsayin koyon daurewa. Ba daurewa ba ne. A mako na huɗu, ina cikin kewayen jiki, na ji wani sabon abu a ƙasan ɗinkin, zafi mai bugawa da ɗumi, wanda bai yi kama da ko ɗaya cikin ukun da na sani ba. Na ce wa maiɗakina ta duba. Ta ce wurin ya yi ja, ya ɗan tasa. A ranar muka koma asibiti, aka ce ƙwayoyin cuta ne suka fara kama fatar sama, aka ba ni magani na kwanaki, ya mutu murus. Da a lokacin da komai "ciwo" ne a wurina, da na haɗa shi da sauran na cije. Sanin muryar kowanne ne ya sa na gane baƙo.

Wannan ne ya jinkirta maganar alluran Sinawa, wato akufanca, wadda tun farko nake sha'awar gwadawa saboda ɗaurewar tsokar nan da rashin barci. Likitana bai hana ba, amma ya gindaya sharuɗɗa: sai ɗinkin ya warke sarai, kada allura ta shiga kan tabon ko kusa da inda ƙarfen yake, allurar ta zama sabuwa fil daga leda a yar da ita bayan an gama, kuma mai yin ya zama mai lasisi. Dalilinsa a fili yake. Ƙwayar cuta in ta sauka a kan ƙarfen da ke cikin jiki, fitar da ita babban aiki ne, wani lokaci sai an sake buɗewa. Ya kuma tambaya ko ina shan maganin tsinka jini, domin masu shan sa sun fi saurin zubar jini ko taruwarsa a ƙarƙashin fata.

Wurin farko da na je ban kwanta ba. Mutumin ko takardun asibitina bai duba ba, ya ce da na zo tun farko da ba a yanka ni ba, kuma a kan tabon ma zai fi sa allura don ya "buɗe hanya". Na yi masa godiya na fito. Har yau in na tuna raina na sosuwa, ba don kaina ba, sai don wanda zai je masa cikin zafin ciwo ba tare da likita ya ja masa kunne ba.

Ta biyun daban ce. Ta karanta rahoton tiyatar, ta tambayi inda ƙusoshin suke, ta zana da yatsa iyakar da ba za ta ƙetare ba. A mako na tara na fara, a kwance a gefe ɗaya da matashi tsakanin gwiwoyi, domin kifuwa ba ta yi mini ba tukuna. Alluran sirara ne ƙwarai, kaurinsu bai kai rabin milimita ba, ba su da rami a ciki irin na allurar asibiti. Shigarsu kamar cizon sauro ne, wani lokaci ma ba na ji. Sai in ta ɗan juya allurar ne nake jin wani nauyi mai tsami yana bazuwa a cikin tsokar, abin da Sinawa ke kira "de ci". Ta sa a ɗuwawu, da bayan gwiwa, da ƙwauri, da kusa da idon sawu, da hannu. Guda goma sha biyu ko sha huɗu. Ta rage haske ta bar ni minti ashirin da biyar.

A nan ne abubuwan biyu suka haɗu ba tare da na shirya ba. Mutum da allura goma sha a jikinsa ba shi da abin yi sai kwanciya shiru, sai na riƙa yin zaman lurata a wurin. A zuwa na uku barci ya kwashe ni a kan gadon, irin barcin da rabona da shi tun kafin tiyata. Daren ranar na yi sa'a shida ban farka ba. Sauƙin tsokar kan kai kwana biyu ko uku, sannan ɗaurewar ta fara dawowa, amma kowane mako ba ta kai ta baya ba.

Ba zan ce allurar ce kaɗai ta yi ba, domin na karanta abin da ya hana ni faɗin haka. A Jamus an yi wani babban gwaji da aka buga a 2007, da masu ciwon ƙugu 1,162. Aka raba su uku: wasu aka yi musu akufanca bisa ƙa'idar Sinawa, wasu aka soka musu allura sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, wasu kuma aka ba su kulawar da aka saba. Bayan wata shida, kusan kashi 48 cikin ɗari na rukunin farko sun samu sauƙi, na biyu kashi 44, na uku kashi 27. Wato allura ta fi kulawar yau da kullum nesa, amma ta gaske da ta kwaikwayo kusan kunnen doki suka yi. Shi ya sa masana suka rabu. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a 2016 ta ce kada a riƙa yin akufanca don ciwon ƙugu. Shekara guda bayan haka, a 2017, ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa ta, tare da horon lura, cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin magani. Hujja kusan ɗaya suka duba, kowa ya fito ta ƙofarsa. Inda aka fi samun daidaito shi ne tashin zuciya bayan tiyata: tun a 1997 wani taron masana na cibiyar lafiya ta ƙasar Amurka ya amince tana taimakawa a nan, kuma wurin da ake tsikara yana gefen ciki na hannu, kimanin faɗin yatsu uku sama da wuyan hannu. Da na san wannan a makon farko, lokacin da maganin mofin ke juya mini ciki, da na roƙi a gwada mini ko da dannawa da yatsa ne.

Matsayata ita ce: bayanin hanyoyin kuzari da ke zagaya jiki, wanda ya samo asali daga littattafan likitancin Sin na fiye da shekara dubu biyu, ban ɗauke shi a matsayin yadda jiki yake ba. Na fi gamsuwa da cewa tsikarar fata da tsoka na sa jiki sakin nasa sinadaran rage zafi, kuma kwanciyar rabin sa'a a hannun wanda ya natsu ya saurare ka ita ma magani ce. Ko kashi nawa ne na allura, nawa ne na natsuwa, nawa ne na lokacin da ke wucewa ƙashi yana haɗewa, ba zan iya rabawa ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, ta ba ni kwana biyu masu sauƙi a kowane mako, ni kuma na zuba waɗannan kwanakin a atisayen fisiyo da tafiya. Zuwa goma na yi na tsaya, don tun farko mun yi da ita cewa in an kai nan za mu duba ko akwai sauran buƙata.

Maganin mai ƙarfi kuwa da likita muka rage shi, mataki-mataki, bisa jadawalin da ya rubuta. Ban yanke shi da kaina ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi hakan don ya fara allura ko zaman lura.

A wata na huɗu ciwon ƙafar ya sake kawo ziyara, bayan na daɗe a zaune a mota. Cikin dare ne kuma, kusan lokaci ɗaya da wancan na farko. Na bi tambayoyin likita ɗaya bayan ɗaya: fitsari lafiya, babu sagewa a wajen zama, babu zazzaɓi, yatsu na ɗaguwa. Sannan na gyara matashin, na bi zaren zafin da hankalina daga ƙugu zuwa yatsa, na ƙirga tasowarsa da lafawarsa. Maiɗakina ta farka ta ce, "Malam, jikin ne? In kira asibiti?" Na ce mata ta kwanta, in bai sauka ba zuwa jibi za mu kira. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Kwana biyu ya yi ya wuce.

A wata na shida aka sake ɗaukar hoto. Likita ya juyo da allon kwamfutar wajena, ya nuna mini da bakin biro wani farin hazo da ya cike tsakanin ƙasusuwan biyu, ya ce sabon ƙashi ke nan, gadar ta fara haɗuwa. Ya ɗage mini dokar sunkuyo, ya ce in bi a hankali. Har yanzu akwai wani ɗan wuri a saman babban yatsana, bai fi faɗin ɗan yatsan hannu ba, da ba na jin taɓawa sosai, kuma ya ce mai yiwuwa ya dawo, mai yiwuwa ya zauna haka. Kullum da safe in na kwanta zan fara kewayen jiki, daga wannan yatsan nake farawa. Nakan tsaya a kansa kamar numfashi biyar ina saurare, sannan in matsa zuwa tafin ƙafa.